Tarihin Ƙa'idojin Rabuwar Lambobi: Daga Mizanin Tara Zuwa Rabon Gado a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a ajin firamare ya taɓa jin malamin lissafi yana cewa, lambar da ta ƙare da sifili ko biyar, biyar za ta raba ta. Wadda kuma aka tara ƙwayoyinta suka ba da tara ko goma sha takwas, to tara za ta raba ta ba saura. Yara sukan haddace waɗannan ƙa'idoji, su amsa jarrabawa da su, sannan su manta. Da wuya a sami wanda aka gaya wa inda suka fito, balle dalilin da ya sa suke yin daidai. Saboda haka ne da yawa daga cikinmu muka tashi da zaton cewa wasu dabaru ne da Turawa suka zo da su cikin littattafan boko.

Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Waɗannan ƙa'idoji sun yi doguwar tafiya, daga Indiya zuwa Bagadaza, daga nan zuwa Magrib da Andalus, kafin su ƙetara Turai. Wani reshe na ilimin kuma ya biyo hanyar Sahara cikin littattafan fiƙihu, har ya shigo zaurukan malamanmu, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana raba gado da shi kafin a buɗe makarantar boko ko ɗaya a ƙasar Hausa. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan tafiya, ta kuma nuna cewa kowace ƙa'ida tana da dalili mai sauƙi wanda yaro zai iya ganewa. Sanin dalilin kuwa shi ne ya bambanta mai lissafi da mai hadda, domin wanda bai san dalilin ƙa'ida ba, ba zai san inda ta tsaya ba.

2.0 Ƙa'idojin da Dalilansu

Abin da ake nufi da rabuwa a nan shi ne a kasa cikakkiyar lamba kashi kaza, kowane kashi ya zo daidai da ɗan'uwansa, ba a bar saura ba, ba a kuma kai ga gutsurawa ba. Goro 12 ya rabu ga mutum 3, kowa huɗu-huɗu. Goro 13 kuwa bai rabu ba, sai an fasa ɗaya. Ƙa'idar rabuwa ita ce hanyar gane haka da duban lamba kawai, ba tare da an yi doguwar rabawa ba.

Dukkan ƙa'idojin sun ginu ne a kan abu ɗaya, wato yadda muke rubuta lamba da ƙwayoyi goma, daga 0 zuwa 9, kowace ƙwaya da gurbinta: gurbin ɗaiɗai, da na gomomi, da na ɗaruruwa, da na dubbai. Ana iya kasa su gida uku.

Gida na farko shi ne na masu duban wutsiyar lamba. Goma ita ce biyu sau biyar, don haka duk gomomin da ke cikin lamba sun riga sun rabu da 2 da 5 da 10, saura a dubi ƙwayar ƙarshe kaɗai. Ɗari ita ce huɗu sau ashirin da biyar, don haka a wajen 4 ƙwayoyi biyu na ƙarshe ake duba. Dubu kuma takwas ce sau 125, don haka a wajen 8 uku na ƙarshe ake duba.

Gida na biyu shi ne na masu tara ƙwayoyi. Goma tara ce da ɗaya, ɗari casa'in da tara ce da ɗaya, dubu kuma 999 ce da ɗaya. Idan aka zubar da tara-tara daga kowace goma ko ɗari ko dubu, ɗaya ce ke saura. Alal misali, a cikin 7,452, dubu bakwai za su bar 7, ɗari huɗu su bar 4, gomomi biyar su bar 5, ga kuma 2. Jimla 18, wadda tara ta raba. Kuma lalle 7,452 ita ce 828 sau tara. Tunda uku tana raba tara, wannan hanya ita ce ta 3. Sha ɗaya ma 'yar gidan nan ce, sai dai goma ta gaza ta da ɗaya, ɗari kuma ta ɗara 99 da ɗaya. Saboda haka a wajen 11 ana tsallake ɗaya a ɗauki ɗaya. A 9,163 sai a tara 9 da 6 su ba da 15, a tara 1 da 3 su ba da 4. Bambancin 11 ne, ashe lambar ta rabu.

Gida na uku shi ne na masu haɗa ƙa'ida biyu. Lambar da 2 da 3 suka raba, 6 za ta raba ta. Amma a nan akwai rami. Huɗu da shida duk sun raba 36, amma 24 ba ta raba ta ba, domin huɗu da shida sun yi tarayya a kan biyu. Wannan batu na tarayya za mu sake haɗuwa da shi a wajen rabon gado.

3.0 Kafin Zuwan Ƙwayoyin Indiya

Damuwa da abin da ke rabuwa da wanda ba ya rabuwa ta girmi ƙwayoyin da muke rubutu da su. Mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, tun wajejen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) suna lissafi da sittin-sittin. Sittin tana rabuwa da 2 da 3 da 4 da 5 da 6 da 10 da 12 da 15 da 20 da 30, abin da ya sauƙaƙa musu rabon hatsi da ladan ƙwadago. A allunan yumɓu da 'yan makarantarsu suke kwafa domin rabawa, akan tsallake lambobi irin su 7 da 11 da 13, saboda ba su da cikakken kaso a tsarin sittin. Mintoci sittin da ke cikin awa guda gadonsu ne.

A birnin Iskandariya na Masar, wajejen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin nan Bagirke Iƙlidis ya rubuta hanyar gano babbar lambar da ke raba lambobi biyu. Hanyar ita ce a yi ta ɗebe ƙarama daga babba. A ɗauki 84 da 60: a ɗebe 60 saura 24, a ɗebe 24 sau biyu daga 60 saura 12, 12 kuma ta cinye 24 ƙaf. Ke nan 12 ce babbar mai raba su duka biyu. Idan kuwa aka yi ta ɗebewa har aka tsaya a kan ɗaya, to lambobin ba su da tarayya ko kaɗan.

A littafin Talmud na Yahudawa ma akwai wata dabara ta bakwai, saboda lissafin shekarar hutun gona da suke yi duk shekara ta bakwai: a ninka ɗaruruwa sau biyu, a haɗa da abin da ya rage. Dalili shi ne ɗari ita ce 98 da biyu, bakwai kuma tana raba 98. A 1,946 akwai ɗari 19. Ninkinsu 38, a haɗa da 46 su ba da 84, wato bakwai sau goma sha biyu.

4.0 Indiya da Bagadaza: Mizanin Tara

Rubuta lamba da ƙwayoyi tara da sifili, kowace a gurbinta, a Indiya ya kankama. A shekarar 628 Miladiyya masaninsu Birahmagubta ya rubuta hukunce-hukuncen lissafi da sifili. Wajejen shekarar 770, a zamanin Halifa Mansur, littattafan taurari na Indiya suka iso Bagadaza aka fassara su. A zamanin Halifa Ma'amun kuma, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara. Ya kuma rubuta wani a kan lissafin Indiya, wanda asalinsa na Larabci ya ɓata, sai fassarar Latin ta ƙarni na 12 ta wanzu. Abin lura shi ne, wani babban sashe na littafin aljabara ɗin duk mas'alolin wasiyya ne da gado. Tun daga tushe ke nan, hisabi da mirasi tare suka tashi.

A wancan zamani akan yi lissafi ne a kan faifai da aka barbaɗa wa ƙura ko rairayi, ana rubutawa ana sharewa. In an gama, amsa kaɗai ke saura, babu yadda za a koma a bi aikin daki-daki. Wannan ya sa aka buƙaci wata hanya ta auna amsa, Larabawa suka kira ta mizani. Daga cikin littattafai mafi daɗewa da suka bayyana ta akwai na masanin Indiya Aryabata na biyu, wajejen shekarar 950, da na Kushyar ɗan Labban, wajejen shekarar 1000. Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, ya ba da labarin cewa mahaifinsa ya tura shi wurin wani mai sayar da kayan lambu a Buhara domin ya koyi lissafin Indiya, kuma shi ma ya jingina awon tara ga mutanen Indiya.

Ga yadda mizanin yake. An ninka 347 sau 28 an sami 9,716. A tara ƙwayoyin 347 su ba da 14, a zubar da tara saura 5. A tara na 28 su ba da 10, saura 1. Biyar sau ɗaya biyar. Sai a koma ga amsa: ƙwayoyin 9,716 sun ba da 23, a zubar da tara biyu saura 5. Mizani ya daidaita.

To amma mizanin tara yana da makanta. Da mai lissafi ya yi tuntuɓen alƙalami ya rubuta 9,176, jimlar ƙwayoyin tana nan 23, mizani zai wuce da kuskuren bai gani ba. Idan mizani ya saɓa, tabbas akwai kure. Idan ya daidaita, bai zama shaidar cewa babu kure ba. Malaman Bagadaza sun san da haka. Alkaraji, wanda ya yi zamani a farkon ƙarni na 11, ya ƙara awo da sha ɗaya a kan na tara. Awon sha ɗaya yana kula da gurbin kowace ƙwaya, don haka nan take yake kama musanyar da aka yi tsakanin 9,716 da 9,176.

5.0 Magrib da Turai

Daga gabas ilimin ya yi yamma. A birnin Marakish na Maroko aka yi Ibn Albanna, wanda ya rayu daga 1256 zuwa 1321, mai littafin Talhisu A'amalil Hisabi. Ɗan ƙaramin littafi ne, amma an yi ta yi masa sharhi, ciki har da na Alƙalasadi mutumin Andalus, wanda ya rasu a ƙasar Tunisiya a 1486, kuma shi ma gwani ne a ilimin gado. Ibn Albanna ya kawo zubarwa da tara, da takwas, da bakwai. A wajen bakwai ya nuna cewa goma tana barin 3, ɗari tana barin 2, dubu 6, dubu goma 4, dubu ɗari 5, sannan miliyan ta koma kan 1, a sake zagaye. Ya ɗaure wannan jeri da haruffa shida domin saukin hadda: alif, jim, ba, wawu, dal, ha, wato 1, 3, 2, 6, 4, 5. A gwada da 1,946 da muka gani a baya: shida sau ɗaya 6, huɗu sau uku 12, tara sau biyu 18, ɗaya sau shida 6. Jimla 42, bakwai ta raba.

Turai kuwa ta hannun wani ɗan fatake ta fi samun wannan ilimi. Liyonado mutumin Pisa ta Italiya, wanda aka fi sani da Fibonaci, ya bi mahaifinsa zuwa Bijaya, wata tashar jiragen ruwa a Aljeriya, a can ya koyi ƙwayoyin Indiya. A shekarar 1202 ya fitar da littafinsa na lissafi, inda ya bayyana dalilin awon tara, ya kuma yi aiki da awon bakwai da na sha ɗaya. Bayan shekaru ɗari huɗu da hamsin, wajejen 1654, Bafaranshe Paskal ya rubuta ƙa'ida ɗaya da ta game kowace lamba: a nemo saurar da ɗaya da goma da ɗari da dubu suke bari, a ninka kowace ƙwaya da saurar gurbinta, a tara. Duk wanda ya lura zai ga cewa abin da Ibn Albanna ya yi wa bakwai ne Paskal ya shimfiɗa ga sauran lambobi. Ya kuma nuna cewa da mutane da sha biyu-sha biyu suke ƙidaya, da ƙa'idojin sun canza kama. Ashe babu wani asiri a jikin tara. Maƙwabtakarta da goma ce ta ba ta wannan matsayi. A shekarar 1801 Bajamushe Gaus ya tsara lissafin saura ya zama fanni mai zaman kansa, wanda ake karantawa a jami'o'i.

6.0 A Ƙasar Hausa

6.1 Ƙirgar Wuri

Kafin kuɗin Turawa, wuri ne kuɗin kasuwannin ƙasar Hausa, kuma ba a shirya shi a zare kamar yadda ake yi a wasu ƙasashen bakin teku. Sai dai a zube a ƙirga. Baturen nan matafiyi Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya iso Kano a 1851, kuma a kan hanyarsa, a Tasawa, ya ga yadda aka zauna ƙirgar wuri dubu ɗari biyar. Ya bayyana cewa biyar-biyar ake jan wurin da yatsu, ana tara shi tsibi-tsibi. Wuri ashirin shi ne hauya, ɗari zangu, dubu ashirin kuma keso guda. Mai ƙirgar wuri bai san sunan wata ƙa'ida ba, amma hannunsa ya san cewa abin da ya rage bayan jan biyar na ƙarshe shi ne saura, kuma tsibin da aka riga aka ware ba ya buƙatar a sake waiwayarsa. Wannan shi ne ainihin dalilin ƙa'idar duban wutsiyar lamba. Haka nan yara sun san cika da mara, manya kuma sun san shafa'i da wuturi, wato ƙa'idar biyu ke nan.

6.2 Rabon Gado

Inda ilimin rabuwar lambobi ya fi zurfi a ƙasar nan shi ne wajen mirasi. Fiƙihun Malikiyya da salon rubutunmu na allo duk daga Magrib suka zo, kuma Shehu Magili da kansa ya zauna a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ɗalibin da ya bi matakan karatu daga Ahalari da Ishmawi da Iziyya har ya kai Risala da Askari da Muhtasar, dole ya ci karo da babin gado.

Kason da Alƙur'ani ya yanka guda shida ne: rabi, da rubu'i, da sumuni wanda Hausawa ke kira tumuni, da sulusi biyu, da sulusi, da sudusi. Aikin farko na mai rabo shi ne ya nemo ƙaramar lambar da dukkan kason da ke gabansa za su fita daga cikinta ba gutsure. Ita ake kira asalin mas'ala, kuma asalan guda bakwai ne: 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24. Domin nemo su, malamai sun kasa dangantakar kowace lamba biyu gida huɗu. Tamasuli shi ne su zama iri ɗaya, kamar 6 da 6, sai a ɗauki ɗaya. Tadahuli shi ne ƙarama ta raba babba, kamar 3 da 6, sai a ɗauki babbar. Tawafuƙi shi ne wata lamba ta uku ta raba su duka, kamar 6 da 8 da suka haɗu a kan rabi, sai a ninka rabin ɗaya da ɗayar, a sami 24. Tabayuni shi ne ba su da tarayya, kamar 3 da 4, sai a ninka su kai tsaye a sami 12. Hanyar da Muhtasar ya bayar ta gane wace ce wace ita ce a yi ta ɗebe ƙarama daga babba a ga inda za a tsaya. Wannan kuwa ita ce hanyar Iƙlidis da muka gani a baya, ba ragi ba ƙari.

Ga misali. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu, mata uku. Matar tana da tumuni, mahaifiyar tana da sudusi. Takwas da shida sun yi tawafuƙi, asali ya zama 24. Mata ta ɗauki 3, uwa ta ɗauki 4, saura 17 na 'ya'ya. Namiji yana da rabon mata biyu, don haka kawunansu bakwai ne. Bakwai ba ta raba 17 ba, kuma ba su da tarayya, sai a ninka 24 sau 7 mas'ala ta inganta daga 168. Mata 21, uwa 28, kowane ɗa 34, kowace 'ya 17. In abin da ya rage bayan biyan bashi da wasiyya naira 840,000 ne, mai rabo zai iya ganewa tun kafin ya fara cewa kuɗin za su fita daidai, domin 168 ita ce 8 sau 3 sau 7: lambar ta ƙare da sifili uku, takwas ta raba, ƙwayoyinta sun ba da 12, uku ta raba, 84 kuma bakwai ta raba ta. Kowane kaso naira 5,000 ke nan. Mata 105,000, uwa 140,000, kowane ɗa 170,000, kowace 'ya 85,000.

A nan ne za a ga nauyin abin. Kuskuren ɗalibi a aji jan biro ne kawai. Kuskuren mai rabon gado kuwa haƙƙin maraya ne ko na mai takaba, kuma sau da yawa shi ne mafarin gabar da ke raba zumunci har jikoki. Shi ya sa makarantun horar da alƙalai, irin su Makarantar Shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947, ba su yi wasa da wannan babi ba.

6.3 Hisabin Haruffa da Hatimi

Malamanmu suna ba haruffan Larabci ƙima bisa jerin mutanen Magrib, inda harafin shin yake dubu. Da shi ne ake ɗaure shekarar da aka yi waƙa a ramzin da ke ƙarshenta, kamar yadda aka saba gani a waƙoƙin malaman jihadi. Akwai kuma wani jeri da ke haɗa haruffa gida tara: alif da ya da ƙaf da shin, wato 1 da 10 da 100 da 1,000, a gida ɗaya, ba da kaf da ra, wato 2 da 20 da 200, a gida na biyu, haka har zuwa tara. Dalilin wannan haɗi shi ne duk 'yan gida ɗaya saura ɗaya suke bari in an zubar da tara. Ibn Haldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya ba da labarin masu amfani da wannan jeri domin duba wanda zai yi nasara tsakanin sarakuna biyu masu yaƙi, ya kuma bayyana cewa wannan da'awa ba ta da hujja. Lissafin zubar da tara daidai ne. Abin da aka ɗora masa na duba shi ne ba shi da tushe. Ya kamata a riƙa bambance su.

A fannin hatimi kuma ƙasar Hausa ta fitar da masanin da sunansa ya kai Masar, wato Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina. A shekarar 1732 ya rubuta littafi a kan haruffa da hatimai, inda ya bayyana hanyoyin cika hatimi mai gidaje mara, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. Hatimi mai gida tara shi kansa darasi ne na rabuwa. Daga 1 zuwa 9 jimla 45 ce, layi uku ne, kowane layi 15, gidan tsakiya kuma 5. Ko da wace lamba aka cika shi, gidan tsakiya sulusin jimlar layi ne. Saboda haka adadin da uku ba ta raba ba, ba zai zauna daidai ta kowace fuska a wannan hatimi da cikakkun lambobi ba.

7.0 Zamanin Boko Zuwa Yau

A shekarar 1909 Hans Bisha, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, lissafin boko ya shigo da ƙwayoyin da Turawa da kansu suke kira na Larabawa. Dattawan da suka yi elementare za su tuna wahalar lissafin fam da sule da kwabo: kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda, wato kwabo 240. Duk da wahalarsa, tsarin yana da daɗin rabo. Sule yana rabuwa ga mutum biyu sisi-sisi, ga mutum huɗu taro-taro, ga mutum uku kwabo huɗu-huɗu. Lambobi ashirin ne ke raba 240, alhali tara kacal ke raba 100. Da aka koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairu 1973, rubutu da tarawa sun yi sauƙi, ƙa'idojin goma suka hau kuɗi kai tsaye, amma naira ɗaya ba ta rabuwa daidai ga mutum uku.

Akawuna na da suna da wata dabara da ta fito daga mizanin tara. In aka rufe littafin kuɗi aka ga ɓangare biyu sun saɓa, sai a duba bambancin. In tara ta raba shi, akan fara zargin an juya ƙwayoyi biyu ne, kamar a rubuta 54 a maimakon 45. A misalinmu na baya, tsakanin 9,716 da 9,176 akwai 540, wato tara sau sittin.

Har yau mizani bai mutu ba, ya dai koma cikin na'ura. Tsohuwar lambar shaidar littattafai mai ƙwaya goma, wadda aka yi aiki da ita kafin 2007, da awon sha ɗaya aka gina ƙwayarta ta ƙarshe. Lambar asusun banki mai ƙwaya goma da ake amfani da ita a Nijeriya ita ma ƙwayarta ta ƙarshe ta awo ce. Kalandar Miladiyya kuma, tun gyaran 1582, da ƙa'idar rabuwa take gane shekarar da Fabrairu ke kwana 29: wadda 4 ta raba, ban da shekarun cikar ƙarni sai in 400 ta raba su. Shi ya sa 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ƙa'idojin rabuwar lambobi ba na wata al'umma ɗaya ba ne. Indiya ta ba da ƙwayoyi da gurbi, Bagadaza ta ba da mizani, Magrib ta taƙaita ta ɗaure da haruffa, Turai ta game su cikin ƙa'ida ɗaya, malamanmu kuma suka riƙe nasu kason a babin gado. Malamin firamare da ke koyar da babbar lamba mai rabawa da ƙaramar lamba mai haɗawa, da malamin zaure da ke koyar da tawafuƙi da tabayuni, darasi ɗaya suke bayarwa, ko da yake sau da yawa ɗayansu bai san da ɗayan ba.

Shawara ga malaman makaranta ita ce, kada a ba yaro ƙa'ida ba tare da dalilinta ba. A zube masa tsakuwa ko 'ya'yan gyaɗa, ya kasa su goma-goma, ya cire tara daga kowane tsibi, ya ga ɗayar da ke saura da idonsa. Gani ya kori ji. A kawo masa misali daga rabon gado da na kasuwa, a kuma nuna masa inda mizanin tara yake makancewa, domin ya saba da sake duba aikinsa. Dattawan da suka san hisabi da mirasi kuma, ya kyautu su zaunar da na baya su koya musu, tun ana iya tambayarsu.